Hoton Bana

Mai Gyara ya ɗaga gilashin kyamara ya kara shi da hasken fitilar teburinsa, yana juya shi a hankali kamar mai duba ƙwai. Sai da ya tabbatar babu ƙura babu fumfuna a ciki, sannan ya ajiye shi a kan ƙyallen da ya shimfiɗa, kusa da sauran biyun.

"Ga su nan gabanka," ya ce. "Hamsin, tamanin, ɗari da hamsin. Tamanin naka ne, ka san halinsa. Faɗa mini wa za ka ɗauka, in faɗa maka wanda za ka ara."

Mai Hoto ya bi gilasan da kallo. Tsohuwar kyamararsa na kan cinyarsa, bakinta a rufe da murfi. Irin masu cin babban fim ce, kowane hoto ya kusa faɗin tafin hannu, naɗi ɗaya hoto goma kacal. Ba ta cikin gilashin ake dubawa ba. Wata 'yar taga ce a gefe, a tsakiyarta akwai ɗan fili mai haske inda abu ke fitowa biyu, sai mutum ya yi ta murza zoben gilashi har biyun su haɗe su zama ɗaya, lokacin nan saiti ya zauna. A shagonsa kyamarar zamani ce ke ciyar da gida, hoton fasfo da na 'yan makaranta. Wannan kuwa ba ya fito da ita sai don abin da yake so ya daɗe, kuma tun da ya saye ta gilashi ɗaya ya sani, tamanin.

Ya ce mutum ɗaya ne, a zaune, a cikin ɗaki. Amma ba a son ɗakin ya fito.

Mai Gyara ya tura hamsin gefe da bayan yatsa. Ya ce wannan ɗan gulma ne, duk abin da ke ɗaki sai ya kwaso, har takalmin da aka tura ƙarƙashin gado. Tamanin kuma yadda ido ke gani haka yake gani, ba ya ƙarawa, ba ya ragewa. In rufin asiri ake so, ɗari da hamsin ne magani. Kai da kafaɗa kawai zai kamo, abin da ke baya ya narke ya zama hazo. Sai dai yana da sharuɗɗa. Ba ya yarda a matso, dole a ja baya fiye da tsawon gado. A cikin taga kuma iyakar hoton za ta tsuke ta koma kamar kan sarki, saiti ya yi wuya, kuskure kaɗan hanci ya fito tsaf ido ya dushe. Yana da cin haske, don haka sai an ɗora kyamara a kan ƙafafunta.

"Kuma idonka ba na da ba ne. Ɗakin yana da girma?"

"Ɗakin asibiti ne."

Mai Gyara ya cire tabaransa ya dube shi. Labulen da ke ƙofar shagon nan ma ɗinkin yayar Mai Hoto ne, kuma ya lura an kwana biyu shagonta na kulle.

"Yaya ce?"

Mai Hoto ya gyaɗa kai. Abokin nasa bai ƙara tambaya ba. Ya naɗe dogon gilashin, ɗari da hamsin, a ƙyalle, ya sa a jaka, ya ce a gaishe ta, Allah ya ba ta lafiya. Har Mai Hoto ya kai ƙofa Mai Gyara ya kira shi ya ce ya tafi da tamanin ɗinsa ma, ba a zuwa gona da fartanya ɗaya.

A cikin bas ya samu kujera kusa da taga, ya rungume jakar, ƙafafun kyamara na tsaye tsakanin gwiwoyinsa.

Yaya ce ta raine shi tun rasuwar mahaifiyarsu, shi ya sa har yau, da furfura a gemunsa, Auta take kiransa, kuma in ta kira sai ya ji gabansa ya ɗan faɗi. Mijinta ya daɗe da rasuwa. Ɗanta ɗaya, wanda tun yana yaro ya kwance mata rediyo ya kasa mayarwa ta sa masa suna Injiniya, sunan ya bi shi har ya zama gaskiya. Shekara shida ke nan yana aiki a ƙasar waje. Ana gobe zai tafi, Mai Hoto ya ɗauki Yaya zaune gaban keken ɗinkinta ya ba shi. Daga nan abin ya zama na kowace shekara. In watan ya zagayo, sai ya ɗauke ta, ya wanke da hannunsa, ya aika. Injiniya ya jera su a bangon falonsa, yana nuna wa 'yarsa da ba ta taɓa ganin kakarta a fili ba.

Bana watan ya zagayo Yaya na kwance. Ƙari aka gano a cikinta, jibi za a yi tiyata, likita kuma bai ɓoye musu cewa aikin babba ne ba. Ga shi Injiniya ya shigar da takardun neman zama na dindindin, lauyansa ya ce masa kada ya kuskura ya taka filin jirgi kafin amsa ta fito, in ya fita sai ya faro daga farko, aikin ma ba tabbas. Yaya ta san wannan. Ranar da aka kwantar da ita ta riƙe hannun Auta ta sa ya yi mata alkawari ba zai faɗa ba. Ɗan kuwa ta ce masa kyamarar wayarta ta lalace, murya kawai suke yi.

Wayarsa ta yi ƙara a aljihu. Da ya ga sunan sai ya ji kamar ya bar ta ta gaji, amma ya ɗauka.

Suka gaisa. Injiniya ya tambayi shago, ya tambayi iyali, sannan ya gangaro inda yake so. Ya ce muryar Mama ta canza, tana magana tana hutawa. Ya tambaye ta ta ce mura ce.

"Kawu, kai nake kira don na san ba ka iya ƙarya ba. Lafiyarta ƙalau?"

Mai Hoto ya dubi bayan kujerar da ke gabansa, inda wani ya kankare fenti da makulli. Ya ce yanzu haka ma wurinta za shi, hoton bana zai ɗauko. Nan da nan muryar yaron ta saki. Ya ce har ya sayi firam ya ajiye, don Allah a ɗauke ta gaban keke kamar na farko. Mai Hoto ya ce hasken shagon ba kyau yanzu, an gina bene a gabansa. Wannan kam gaskiya ne. Ya kashe wayar yana jin bakinsa kamar ya tauna alli.

Ɗakin gado biyu ne a hawa na uku. Ya tarar Yaya ta riga ta shirya. Ta sa rigarta mai ruwan ƙasa da ta ɗinka wa kanta bara, ta kafa ɗauri, ta sa 'yan kunne. Ta lallaɓi nas ta cire mata robar ƙarin ruwa na ɗan lokaci, allurar da ke bayan hannunta kuma ta rufe ta da gefen mayafi. Bangon bayan gado, inda soket da bututun iska suke, ta sa an rataya wani labule nata mai ratsi da ta aika aka ɗauko daga shago. Har a nan sai da ta sa aka gyara masa faɗuwa, wai gefe ɗaya ya fi tsawo.

A ɗaya gadon akwai wata mata mai jiki, mai sayar da takalma, da ta faɗo daga tsani ta karya ƙugu. Yaya na kiranta Maƙwabciya. Ita ce ta fara magana, ta ce tun asuba ake kwalliya a ɗakin nan kamar za a karɓi baƙi daga sama, ita ko hoda ba a sam mata ba.

"Ka makara, Auta," in ji Yaya. "Ka samo abin da na ce?"

Ya ce ya samo. Ya fito da dogon gilashin ya ɗaura, ya kafa ƙafafu a ƙarshen gado, ya leƙa. Ya murza zoben har ƙarshe, fuskar Yaya ta ƙi haɗewa. Ya ja baya har ya jingina da ƙofa, duk da haka da saura. Dole ya buɗe ƙofar ya fita baranda, ya kafa kyamarar a bakin ɗaki. Sau biyu masu tura gadon marasa lafiya suka nemi hanya, ya ɗage, ya dawo ya sake farawa.

Tagar kyamarar ba ta ɓoye wa mai ɗauka komai. A tsakiya ga 'yan layuka masu haske sun zagaye kan Yaya da kafaɗunta, iyakar abin da fim zai gani ke nan. A wajen layukan kuwa ga sandar ƙarin ruwa da ledarta a rataye, ga tasar amai a kan durowa, ga ƙafar Maƙwabciya a ɗaure da igiya da ƙarfe. Shi yana ganin duka. Ya nemi ɗan kunnenta na dama, ya ga shi biyu, ya murza a hankali. Idonsa ya kawo ruwa. Ya goge da hannun riga ya sake leƙawa, har biyun suka hau kan juna.

"Ɗago haɓa kaɗan, Yaya."

Ta ɗago. Ta yi murmushi irin wanda ake yi wa mai hoto. Ya danna. Ya sa ta juya wajen taga, ya sake. Kafin ya ci rabin fim gumi ya tsatstsafo mata a goshi, ya ga tana dafe katifa da hannun da ba a rufe ba don kada ta karkace. Ya ce a huta.

Ya shigo ya zauna a kujerar 'yan dubiya, ya zuba mata ruwa. Ta kurɓa kaɗan ta miƙo masa kofin. Ya ce Injiniya ya kira shi a hanya. Ta tambayi abin da ya faɗa masa, ya ce bai karya alkawari ba. Ta ce madalla.

Ya daɗe yana juya kofin a hannunsa kafin ya ce, "Yaya, in wani abu ya faru jibi, me zan ce masa?"

"Ka ce ni na hana."

"Ba zai wadatar ba."

"Dole ya wadatar. Shekara shida yana tara abu tsinke-tsinke. Ga mata, ga 'ya. In ya ji, jirgin farko zai hau, na san abin da na haifa. Ya zo ya tsaya a kaina ya yi me? Shi zai riƙe wa likita almakashi?"

Ya ce ko ba komai yaron ya girma, a bar shi ya zaɓa da kansa. Ta ce ba a ba ɗa zaɓi tsakanin uwarsa da abincinsa, duk wanda ya ɗauka zai yi ta cizon yatsa har tsufa, gara ita ta ɗauke masa. Ta faɗi haka ba tare da ɗaga murya ba, tana kallon silin. Mai Hoto ya san wannan muryar. Da ita ta cire shi daga wurin koyon walda ta mayar da shi makaranta, da ita ta sayar da kekenta na biyu ta buɗe masa shago. Bai taɓa cin gardama da ita ba, kuma yawanci daga baya sai ya ga ita ce da gaskiya.

Sai ya koma ta wata hanyar. Ya ce akwai sauran fim, kuma wannan gilashin aro ne, bai saba da shi ba, yana iya yiwuwa duk saitin ya kuskure. Ta bar shi ya ƙarasa da tamanin, wanda ya saba.

"Wanda zai kwaso sandar can?"

"Zai kwaso. Amma ba abin da zai bar hannuna sai kin gani. Ke za ki zaɓa."

Ta yi masa kallon da take yi wa mai kawo yadi ya ce gaba ɗaya ne alhali an yanki gefe. Daga baya ta ce ya yi abin da zai yi, ta gaji.

Kafin a cire gilashi da fim a ciki, sai an ja wani ɗan labule a cikin kyamarar don kada haske ya shiga. Ya murɗa ɗan maɓallin da ke ƙasa ya ja shi, ya kwance dogon, ya ɗaura nasa. Yaya ta tambayi me ya murɗa a ƙasa, ya faɗa mata. Ta ce ashe ita ma tana da labule, wa ya ɗinka mata. Ya sauke kyamarar daga kan ƙafafu ya riƙe a hannu, ya tsaya a ƙarshen gado. Yanzu layukan sun buɗe sun kusa cika tagar.

Nas ta shigo ta ce lokaci ya yi, ta ɗaga mayafin ta mayar da robar. Yaya ta jingina da filo, ɗaurin ya ɗan zame, ba ta gyara ba. Maƙwabciya ta ce to tunda an gama da manya, a juyo kanta. Ta ce a ɗauke ta da ƙafar a sama haka, a kai wa mijinta ya manna a shago, domin shekara ashirin tana ce masa tsanin nan zai kashe mutum yana cewa gobe zai gyara. Ta ce jiya da ya zo dubiya, buɗar bakinsa sai ya tambaye ta ina ta ajiye makullin sito.

Dariya ta ƙwace wa Yaya. Ta ɗaga hannun mai allura tana nuna Maƙwabciya, tana cewa ta bari, cikinta na ciwo. Ya danna. Kyamarar ba ta da ƙara, ɗan ƙis ne kamar an karya tsinken ashana. Ba wadda ta ji. Ya murza fim ya sake dannawa, sannan ya juya ya ba Maƙwabciya na ƙarshe, ita da ƙafarta.

Da la'asar ya koma shago, ya juya allon ƙofa, ya shige ɗan ɗakin wanki da ke baya. Hotunan shekara duk baƙi da fari ne, don su ne yake iya wankewa da kansa. Ya naɗa fim a cikin duhu da lalube, ya zuba magani, ya jira, ya ɗauraye, ya rataye gaban fanka. Da ya bushe ya ɗaga shi a haske. Saitin ya zauna, har zanen ɗan kunne ana gani. Ya kunna jar fitila, ya haska na dogon gilashi a kan takarda, ya tsoma a tire yana girgizawa.

Fuskar ta fara tasowa daga cikin ruwan. Gilashin ya cika alkawari. Babu sanda, babu gado, labulen ma ya zama inuwa mai laushi, ana iya cewa a falonta take. Amma da aka kawar da komai, sai ya rage fuska kaɗai, ta cika takardar. Gefen goshinta ya lotsa. Jijiyoyin wuya sun miƙe. Wuyan rigar da ta auna wa kanta bara ya yi mata yawa, ita da ba ta taɓa sa abin da bai zauna mata ba. Idanun sun yi girma, murmushin kuma ya tsaya a leɓe bai hau sama ba. Kullum yana zuwa asibitin, safe da yamma, bai ga wannan ba sai yanzu.

Ya san dabarun sana'a. Ya shimfiɗa siririn yadi a ƙarƙashin fitilar haskawa don fatar ta yi laushi, ya rage duhun kumatu, ya sake bugawa. Abin da ya fito ya yi kama da hoton da ake sa wa a sanarwar rasuwa. Ya yaga shi ya jefa a kwando.

Sannan ya buga na tamanin. Komai na ciki, sanda, leda, ƙarfen gado, gefen rigar nas tana fita, robar da ta sauko ta shige bayan hannu. A tsakiyar wannan duka ga Yaya, kai a karkace, baki a buɗe, yatsa a miƙe, kamar yadda take yi a shago in mai ciniki ya taya labule da abin dariya. Ramar na nan in an nema, amma ba ita ido ke fara gani ba.

Ya rataye biyun kusa da juna, ya zauna a kan kujera yana kallonsu suna ɗiga, har aka fara rufe shagunan layin.

Washegari da safe ya same ta an sa mata rigar asibiti, an hana ta abinci mai nauyi saboda gobe. Ya miƙa mata ambulan. Ta sa ya ɗauko mata tabarau daga durowa. Na dogon gilashin ne a sama.

Ta daɗe a kansa. Ta kai shi nesa, ta dawo da shi kusa. Ta taɓa wuyan rigar a jikin takardar da ɗan yatsa.

"Wannan Inna ce," ta ce. "Kai ba za ka tuna ba, kana ƙarami. Haka ta koma daf da ƙarshe."

Ta sake duban takardar.

"In ya ga wannan, ba sai kowa ya faɗa masa ba."

Ta ajiye shi a kife a kan bargo, ta ɗauki na biyu. Bakinta ya ɗan motsa. Ta ce ji yadda ya bar ta da ɗauri a karkace kamar mahaukaciya, a gaban jikarta. Maƙwabciya ta miƙo hannu ta ce a ba ta ta gani, aka ba ta duka biyun da nata. Nata ta fara dubawa, ta ce wallahi ƙafar ta fi ta kyau. Da ta dubi na Yaya kuwa sai ta mayar. Ta ce ita dai in 'yarta ce a nesa, mai dariyar za ta so ta riƙe.

Yaya ta tambayi Auta ko zai iya yanke sandar. Ya ce sanda za ta yanku, amma robar a hannunta take, hannun kuma shi ne a tsakiyar hoton. Ta ce ai yanzu ana goge abu da kwamfuta, ta ga yadda yake cire wa 'yan fasfo ƙuraje.

"Kwamfuta za ta iya, Yaya. Ni ne ba zan iya ba."

Ta sauke tabarau ta dube shi ta samansu. Ya ji zuciyarsa na bugawa kamar ranar da ta kama shi da taba a bayan makaranta, amma bai sunkuyar da kai ba. Ya ce alkawarin da ya yi na nan, ba zai buɗe baki ba. In ta ce a aika na farko, zai aika. In ta ce kada a aika komai, zai san abin da zai ce. Goge roba ne kawai ba zai yi ba.

 A baranda wani na jan bokiti mai taya. Yaya ta mayar da idonta kan hoton, ta bi robar da kallo daga leda har hannunta.

"Ƙarfe nawa ne a wurinsu yanzu?"

Ya ce da sauran lokaci kafin Injiniya ya fita aiki.

Ta sa hannu ta gyara ɗankwalinta, ta ja bargo ta rufe hoton da ke kife. Ta ce ya kira shi, da bidiyo. Ita za ta faɗa masa da bakinta, kuma ita za ta hana shi zuwa, ta ga ko akwai wanda ya isa ya tsallake maganarta. Ya danna kiran ya sa mata wayar a hannu. Tun kafin a ɗauka ta ce ya fita ya ba su wuri. Maƙwabciya ta ce ita dai ba ta da ƙafar fita, amma za ta yi barci, ta ja mayafi ta rufe fuska.

Ya zauna a kan benci a baranda, jakar a gefensa, dogon gilashin a ciki a naɗe zai mayar wa mai shi. Ƙofar ba ta rufu sosai ba. Ya ji sallamarta, ya ji muryar yaron ta tashi da murna, sannan ta yanke. Ya ji Yaya na bayani dalla-dalla, kamar tana faɗa wa mai gida yadi nawa tagoginsa za su ci. Daga can aka yi magana da sauri, ta katse. Ta ce ba zai zo ba. Ta sake faɗa. Ta ce in ya taka filin jirgi kafin takardar nan ta fito, ya zo ya same ta da rai, to ba za ta yi masa magana ba, ya kuma san ta. Daga nan muryoyin suka yi ƙasa, bai ƙara jin kalma ba. Nas ta zo za ta shiga da tire, ya roƙe ta ta ɗan jira, ta dube shi ta wuce ɗaki na gaba.

An jima sosai kafin ya ji an kira. "Auta. Zo, kai yake nema."

Ya shiga. Idanun Yaya sun yi ja amma a bushe suke. Ta miƙa masa wayar ta juya fuska wajen taga. Injiniya na zaune a ƙasan kicin ɗinsa, da rigar aiki, bai ɗaura maɓallin wuya ba. Mai Hoto ya shirya wa faɗa, ya ma tanadi abin da zai ce. Yaron ya dube shi kawai na ɗan lokaci.

"Hasken shago ba kyau, ko Kawu?"

"An gina benen da gaske."

Injiniya ya goge fuska da tafin hannu. Ya ce ya yi wa Mama alkawari zai zauna, bisa sharaɗi. Gobe Kawu zai kira shi tun daga ɗaki, ya riƙe wayar har ƙofar tiyata, kuma duk abin da likita ya fito ya faɗa, a faɗa yana ji. Mai Hoto ya ce ya yarda.

"To juya wayar. Ina so in ga inda take kwana."

Mai Hoto ya juya ta, ya ja baya kaɗan, ya fara daga ƙofa. Ya bi da ita a hankali, hannunsa tsaye kamar yadda ya saba, ta kan durowa da kofin ruwa, ta kan sandar da ledarta, labulen mai ratsi, taga, har gadon gefe. Maƙwabciya, wadda ta ce barci take, ta riga ta yaye mayafi ta gyara ɗauri, tana ɗaga wa yaron hannu.